Sulon VAR: gaskiya yake nunawa ko gishiri yake ƙara wa laifi?

Malam Rafali, Gwale:
Assalamu alaikum 'yan majalisa. Ina so mu taɓa batun VAR, wato tsarin duba bidiyo don taimaka wa alƙalin wasa, amma ba irin musun da muka saba ba, wanda ɗan Arsenal zai ce an zalunce su, ɗan Chelsea ya ce ƙarya ne, a watse. Sulon kansa nake so mu duba, wato rage gudun hoto da ake yi a nuna wa alƙalin wasa a allon gefen fili.

Ga ra'ayina. Sulo yana da amfani wajen gano inda abu ya faru. Ƙwallo ta haye layi ko ba ta haye ba? A cikin yadi 18 aka yi ƙetar ko a waje? Hannu ta taɓa ko ƙirji? A nan babu kamarsa. Amma da zarar tambayar ta koma "da gangan ya yi?" ko "ƙarfin takun ya kai jan kati?", to sulo ɓatar da alƙali yake yi.

Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan ba. IFAB, hukumar da ke rubuta dokokin ƙwallo, wadda ta shigar da VAR cikin doka a watan Maris na 2018, ta rubuta a ƙa'idarta cewa a yi amfani da sulo wajen tabbatar da wuri da inda jiki ya taɓa jiki, amma wajen auna ƙarfin ƙeta a kalla a gudun wasa na gaske. A lokacin ta kuma taƙaita shigar VAR a abu huɗu: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da bai wa wani kati a madadin wani. Sannan sai kuskuren ya fito fili ƙarara. To ku da kuke kallo duk mako, ku gaya mini, ana bin wannan?

Ɗan Liverpool na Hotoro:
Wa alaikumus salam Malam. Ba a bi, kuma mu muka fi kowa sani. Ranar 30 ga Satumba 2023, wasanmu da Tottenham. Curtis Jones ya taka saman ƙwallo, ƙafarsa ta zame ta sauka a ƙwaurin Bissouma. Alƙalin wasa Simon Hooper yana kusa, ya gani da idonsa, ya ba da katin gargaɗi. Da aka kira shi allo, abin da ya fara tararwa hoto ne a tsaye, takalmi a kan ƙwauri. Ba sulo ba ma, a daskare. To wa zai ga wannan hoton ya ce ba ja ba ne? An riga an yanke masa hukuncin kafin bidiyon ya motsa. A wasan nan dai aka soke ƙwallon Luis Diaz da sunan satar gida alhali bai yi ba. Mutumin ɗakin VAR ya ɗauka an ba da ci ne, ya ce an gama dubawa, aka ci gaba da wasa. Daga baya hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskure, har ta saki muryoyinsu duniya ta ji. Maki ukun kuma ba su dawo ba.

Baba Ɗan Fagge:
Yara, ku bi a hankali. Ku da kuka taso kuka tarar da maimaici ta kowace kusurwa, ba ku san zafin rashinsa ba.

Kofin Afirka na 2000, mu da Ghana muka ɗauki baƙunci, har nan filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata aka buga wasanni. Wasan ƙarshe a Legas, mu da Kamaru, aka tashi 2-2, aka je bugun fenariti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallon ta daki ƙarfen sama ta sauka bayan layi ta fito. Alƙalin wasa, Mourad Daami ɗan Tunisiya, ya ce ba ta shiga ba. Kamaru ta ɗauki kofi da 4-3 a gabanmu, a gidanmu. Duk wanda ke gaban talabijin ya ga maimaicin, ya ga ta shiga. Mutum ɗaya ne a duniya aka hana shi gani, kuma shi ne mai usur.

Ku ƙara da hannun Maradona a 1986. Ku ƙara da hannun Thierry Henry a 2009 da ya hana Ireland zuwa Kofin Duniya. Ku ƙara da ƙwallon Lampard a ragar Jamus a 2010, wadda ta wuce layi da tazarar da ko makaho zai laluba ya ji. Malam Rafali, ina girmama sana'arka, amma duk wanda zai ce mini a koma wancan zamanin, ban yarda ba. Gani ya kori ji.

Malam Rafali, Gwale:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ai ban ce a koma ba. Duba misalan da ka kawo, dukkansu tambayar eh ko a'a ce. Ta shiga ko ba ta shiga ba, hannu ko kai. Na Lampard ma shi ya tilasta aka kawo na'urar layin raga, aka amince da ita a 2012, aka yi aiki da ita a Kofin Duniya na 2014 a Brazil. Wannan ba ta buƙatar ra'ayin kowa, agogon alƙali ne zai girgiza cikin daƙiƙa ɗaya, shi ke nan. Da akwai ta a 2000, da Ikpeba bai ɗora hannu a ka ba. Rigimata da inda aka ɗauki kayan aikin auna layi aka ce a auna zuciyar mutum da shi.

Gunners na Ɗorayi:
Ni dai ina karatu. Duk wanda ya kawo hujjar da za ta nuna an cuci Arsenal, ina bayansa.

Edita, Zoo Road:
Bari in sa baki, tunda yankan hoto shi ne abincina. Abin da mutane ba su lura da shi ba, bidiyo ba abu ne mai gudana ba. Hotuna ne a tsaye ake jerawa da sauri. Kyamarorin da aka daɗe ana ja wa Firimiya layin satar gida da su suna ɗaukar firem 50 a daƙiƙa. Ɗan wasa mai gudun kilomita 30 a awa yana cin mita takwas da ɗoriya a daƙiƙa. Raba da 50, ka ga tsakanin firem ɗaya da na gaba ya matsa kusan santimita 17. Idan mai tsaron baya shi ma yana fitowa ta ɗaya ɓangaren, tazarar ta ƙaru.

Yanzu ka zauna a kujerar mutumin VAR. Dole ka zaɓi firem ɗin da ƙafar mai ba da fasin ta fara taɓa ƙwallo. A firem na farko ƙafar ba ta kai ba. A na biyu ƙwallon ta riga ta fara tashi, har ta yi dishi-dishi ta miƙe kamar ƙwai. Ainihin lokacin taɓawar yana tsakaninsu, kuma kyamara ba ta ɗauke shi ba. Ka zaɓi na farko, ɗan wasa yana daidai. Ka zaɓi na biyu, ya yi satar gida da ɗan yatsa. Sai a ja layi ja da shuɗi a nuna mana, mu ce kimiyya ta yi magana, alhali yatsan mutum ne ya danna maɓalli.

Sai batun sulo. Mu a wurin aiki idan muna so mari ya yi zafi a fim, ko kallo ya zama na mugunta, rage gudu muke yi. Ba ma ƙara komai a hoton, lokaci kawai muke ja, mai kallo ya ƙarasa sauran da kansa. Ka ɗauki bidiyon mutum yana kutsawa a layin Kantin Kwari ana gobe sallah, hannunsa ya gogi aljihun wani. A gudun gaske cunkoso ne. Ka rage gudun sau huɗu ka maimaita sau biyar, wallahi kai da kanka za ka ce ɗan sane ne.

Injiniya, Rijiyar Zaki:
Edita, maganarka ta firem gaskiya ce, amma an wuce nan. A Kofin Duniya na Qatar 2022 FIFA ta kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, sannan a cikin ƙwallon kanta akwai na'ura mai aika bayani sau 500 a daƙiƙa. Ita take faɗin lokacin da aka taɓa ta, ba yatsan mutum ba. Da ita aka soke wa Ajantina ƙwallaye a wasan da Saudiyya ta doke su 2-1. Firimiya ma ta fara amfani da irin tsarin a Afrilun 2025, duk da dai nasu ba shi da na'ura a cikin ƙwallo.

Edita, Zoo Road:
Na yarda, Injiniya, wannan ya rage matsalar layi. Ka lura dai, duk ci gaban a ɓangaren da Malam ya ce sulo na da amfani ne. Har yau babu na'urar da aka sa wa ɗan wasa a ƙirji mai faɗin niyyarsa.

Barca Har Abada, Kurna:
Tunda ana maganar layi, a tuna da wasanmu da Real Madrid a Afrilun 2024 a Bernabeu. Ƙwallon Lamine Yamal, golan Madrid Lunin ya kwaso ta daga ciki. A lokacin La Liga ba ta da na'urar layin raga, VAR ya yi ta juya hoto ya ce babu kusurwar da ta tabbatar. Aka ci mu 3-2.

Sarkin Madrid na Gwammaja:
Daga ciki a idonka. Kai da ƙungiyarka ta shekara da shekaru tana biyan kamfanin Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalan Sifaniya, kai ne za ka zo majalisa kana kukan alƙalanci? Laifi tudu ne.

Barca Har Abada, Kurna:
Kotu ta ce an sayi wasa? Kawo. Kuma ka gaya mana yadda aka soke fenaritin Julian Alvarez na Atletico a wasanku da su a Maris 2025, aka ce ya taɓa sau biyu, taɓawar da sai an ƙura ido a sulo. Bayan wata uku IFAB ta fito ta ce irin wannan idan ba da gangan ba ne kuma ta shiga, sake bugawa za a yi. Atletico kuma an riga an fitar da su.

Admin:
Kurna da Gwammaja, ku koma gefe ku ƙarasa. Duk wanda ya sake kawo Negreira ko kofunan Turai 15 na Madrid zan rufe masa baki har gobe. Ana magana mai amfani.

Maman Khalifa, Tarauni:
Sannunku da hira. Ku maza kun manta da wasan mata, alhali a can aka fara gwada mana zafin abin nan. Kofin Duniya na mata, 2019, Super Falcons da Faransa mai masaukin baƙi. 'Yan matan nan sun riƙe wasa babu ci har wajen minti 70 da wani abu. VAR ya ba Faransa fenariti, aka kori Ngozi Ebere da kati na biyu. Wendie Renard ta buga, ƙwallon ta daki turke ta fita waje. Muna murna sai aka ce a sake, wai golarmu Chiamaka Nnadozie ta ɗaga ƙafa daga layi kafin a buga. Yarinya 'yar shekara 18, ba ta ma taɓa ƙwallon ba, matsawar da ta yi ba ita ta sa Renard ta ɓarar ba. Aka ba ta katin gargaɗi, aka sake bugawa, aka ci mu 1-0.

Abin da nake tambaya, Malam Rafali, kafin zuwan kyamara akwai mai ɗaga tutar da zai ga wannan? Dokar an rubuta ta ne don idon mutum, don a hana gola fitowa taku biyu ko uku. Da aka ɗora mata sulo sai ta koma wata doka daban da ba wanda ya zauna ya amince da ita.

Injiniya, Rijiyar Zaki:
Hajiya, da zafi kam, amma doka ta ce ƙafa ɗaya a kan layi. Ko dai tana kai ko ba ta kai. Idan aka ce a yi sassauci da santimita biyar, gobe rigimar za ta koma kan santimita shida.

Malam Rafali, Gwale:
Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ka duba abin da ya biyo baya. A tsakiyar gasar nan IFAB ta dakatar da bai wa gola kati a bugun raba gardama, saboda ta ga za a iya korar gola a tsakiyar fenariti. Daga baya aka gyara dokar, aka ce idan ƙwallo ta fita waje ko ta daki turke ba za a sake ba, sai in fitowar golan ce ta dami mai bugawa a fili. Wato da dokar yau aka buga wasan, da ba a sake bugun Renard ba. Kullum haka ake yi: sulo ya bankaɗo abin da ido bai taɓa gani ba, a hukunta wani, sannan a koma a gyara doka. Dokar hannu kuwa an taɓa ta har mu masu busa usur sai mun koma littafi duk farkon kaka.

Sai Masu Gida:
To ga wanda har yau bai bar ni barci ba. Rasha 2018, Kofin Duniya na farko da VAR. Ahmed Musa namu na Pillars ya zuba wa Iceland biyu, muka je wasan Ajantina ranar 26 ga Yuni muna neman canjaras kawai. Messi ya ci, Victor Moses ya farke da fenariti. Ana saura minti kaɗan ƙwallo ta daki kan Marcos Rojo ta sauka a hannunsa a cikin yadi 18. Alƙalin wasa Cuneyt Cakir ɗan Turkiyya ya je allo, ya leƙa, ya dawo ya ce a ci gaba. Mikel ya faɗa bayan wasa cewa alƙalin ya amsa masa ta taɓa hannu. Minti na 86 Rojon nan dai ya ci mu, muka tattaro kaya.

Ba a yi sati uku ba, wasan ƙarshe, Faransa da Kuroshiya suna 1-1. Kwana ta zo, ƙwallo ta wuce kan Matuidi ta daki hannun Perisic da ke bayansa, wanda ko ƙiftawa bai samu ya yi ba. Alƙalin wasa Nestor Pitana ya tsaya a allo ya kalla, ya kalla, ya juya zai tafi, ya sake komawa ya kalla, ya ba da fenariti. Gasa ɗaya, na'ura ɗaya, littafi ɗaya. Ku gaya mini bambancin in ba launin riga ba.

Barista, Nasarawa:
Ɗan'uwa, ba zan rantse cewa babu son rai a duniya ba, amma akwai bayanin da ya fi wannan sauƙi, kuma ka faɗe shi da bakinka. Ɗaya ya leƙa sau ɗaya, ɗaya ya yi ta maimaitawa. Yawan kallon sulo yana canja abin da mutum yake gani.

An gwada wannan. Masu bincike a Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun fitar da sakamako a 2018. Sun nuna wa manyan alƙalan wasa 88 na Turai bidiyon ƙeta iri-iri, wani a gudun gaske, wani a sulo. Wajen gane ko an yi ƙeta ko ba a yi ba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma wajen kati, waɗanda suka kalla a sulo sun fi zaro ja. Ƙeta ɗaya, alƙalai masu horo ɗaya, gudun hoto kawai aka canja.

Mu ma a ɓangaren shari'a an yi irinsa a Amurka a 2016. Aka nuna wa mutane bidiyon harbi a wani shago, aka tambaye su ko mai harbin ya yi niyyar kisa. Waɗanda suka gani a sulo sun fi cewa da niyya ya yi, domin a ransu suna jin ya samu lokacin tunani. Har da aka rubuta musu ainihin daƙiƙun a kan allo, tasirin bai gushe gaba ɗaya ba. To idan sulo zai iya karkatar da mutum a shari'ar rai, ina ga hannun Perisic? Kuma ni a fahimtata, duk hukuncin da sai an kalla sau goma kafin a yanke, ya fita daga kuskuren da ya fito ƙarara. Tsawon kallon kansa hujja ce cewa a bar hukuncin farko.

Baba Ɗan Fagge:
Barista, na ji turancinka. Amsa mini wannan. 2014 a Brazil, mu da Faransa, zagaye na biyu. Matuidi ya taka idon sawun Ogenyi Onazi, aka fitar da yaro a makara, alƙali ɗan Amurka ya ba da katin gargaɗi kawai. Onazi ne ke riƙe mana tsakiya, yana fita wasan ya zube, aka ci mu 2-0. A gudun gaske alƙalin ya gani, ya ga kamar ba komai. Sulo ne ya nuna wa duniya yadda ƙafar ta lanƙwashe. Ashe ke nan wani lokacin gudun gasken ne maƙaryacin.

Malam Rafali, Gwale:
Baba, wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ja ne ko a wane gudu. Amma abin da ya hana alƙalin gani ba gudu ba ne, wurin tsayuwa ne. Ka ba shi kyamarar da ke ɗaya gefen, a gudun gaske, zai ga ja. Sai a yi sulo sau ɗaya a tabbatar inda takalmin ya sauka. Haka tsarin ya kamata: gudun gaske da farko, sulo daga baya, hoto a tsaye kuwa kada ya zama abin da zai fara gani.

Akwai abin da ke cikin fili wanda allo ba ya ɗauka. Ni da nake busa wasannin unguwa a filin ƙasa, ina jin ƙarar haɗuwar ƙafa da ƙafa, kuma ƙarar takalmi a kan ƙwallo daban take da ƙararsa a kan ƙashi. Ina ganin idon yaro kafin ya shiga, ko ƙwallo yake kallo ko ƙafa. Na san waɗanda suka yi cacar baki minti biyar da suka wuce. Na san inda ƙasa ta yi laushi ake zamewa. Mutumin da ke zaune a ɗakin VAR na Stockley Park a gefen Landan, wasa kuma ana yi a Newcastle, ba shi da ko ɗaya daga ciki. Amma da ya ce "zo ka duba", alƙali ya san an riga an ce ya yi kuskure a gaban mutum dubu hamsin. Sau nawa kuka ga alƙali ya je allo ya dawo a kan bakansa? Ana yi, amma ƙalilan ne. Cakir na cikinsu, kuma mu abin ya faɗa wa.

Mai Gidan Kallo, Sheka:
Ku kuna maganar doka, ni bari in faɗi abin da nake gani daga bakin ƙofa inda nake karɓar kuɗi. Da, idan aka ci, gidan nan tashi yake gaba ɗaya, benci ya kife, a rungumi wanda ba a sani ba. Yanzu rabi su tashi, rabi su zauna suna nuna allo suna cewa "tsaya tukuna". Idan alƙali ya sa yatsa a kunne sai ka ji tsit, ƙarar janareta kawai. Man da nake ƙonawa a wannan jiran ba wanda yake biya na. Lokacin sanyi kuma wasan ƙarfe huɗu da ya saba ƙarewa kafin magariba, yanzu da ƙarin minti tara ko goma sai ka ji an kira salla ana kan wasa, mutane suna fita da takalmi a hannu suna waiwaye.

Ranar 7 ga Fabrairu 2024 kuwa ba zan manta ba. Mu da Afirka ta Kudu, kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka a Bouake. Muna 1-0, Osimhen ya tura ta biyu a raga wajen minti 85. Yara suka fice titi, masu babur suna ta hon, wani ya cire riga ya yi hanyar gida yana ihu. Waɗanda suka rage a ciki suka ga alƙalin Masar ya nufi allo. Aka soke ƙwallon, aka dawo can ɗaya ƙarshen fili aka ba su fenariti, Mokoena ya farke. Daga 2-0 zuwa 1-1 ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Masu murnar suka dawo suka tarar da wani wasan daban. Ba don Nwabali ya tare biyu a bugun fenariti ba, da kujeruna ba su kwana lafiya ba.

Sai Masu Gida:
Kuma Alhassan Yusuf ne ya yi ƙetar, ɗan Kano. Ranar na yi masa addu'a kamar ƙanena.

Baba Ɗan Fagge:
Amma ƙeta ce ko ba ƙeta ba? Ya taɓa ƙafar Percy Tau, kowa ya gani. Da mu aka yi wa haka aka ƙi dubawa, da har yau muna zagi. Kuma a ƙarin lokacin wasan nan VAR ɗin ne ya sa aka ba ɗan bayansu jan kati da ya kayar da Moffi. Ba ku faɗi wannan ba.

Gunners na Ɗorayi:
Ni tambayata, duk wannan na Turai ne da na Kofin Afirka. Yaushe za a kawo mana shi gasar gida? Ko don a rage abin da ke faruwa da alƙalai idan baƙi suka ci a minti na 90.

Injiniya, Rijiyar Zaki:
Maroko da Masar suna amfani da shi a gasanninsu, don haka ba abin da ya gagari Afirka ba ne. Amma VAR ba allo ɗaya ba ne a gefen fili. Sai da kyamarori da yawa a kowane wasa, da ɗakin aiki, da layin sadarwa, da wutar da ba ta ƙiftawa, da alƙalan da aka horar aka ba su lasisi. Wasan da kyamara ɗaya ke ɗauka daga saman rumfa, me za a maimaita? Kuma a tuna da wasan ƙarshe na Zakarun Afirka a 2019, Esperance da Wydad a Tunisiya. Aka soke wa Wydad ƙwallo, suka ce a duba VAR, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba, aka tsaya sama da awa ɗaya, alƙalin wasa Bakary Gassama ya tashi wasa, rigima ta kai har kotun wasanni ta duniya. Allon da aka kafa ba ya aiki ya fi rashinsa haɗari.

Maman Khalifa, Tarauni:
Su Turawan ma ba duka suka karɓa ba. Suwidin ta ƙi shi a gasarta. A Norwe an tashi wasa a 2024 saboda magoya baya sun yi ta jefa ƙosan kifi cikin fili don adawa da shi. A Ingila Wolves ta kawo ƙudurin a soke shi a 2024, aka kayar da ita 19 da 1.

Malam Rafali, Gwale:
Ni abin da nake ganin zai yi mana shi ne ƙaramin tsarin da FIFA ta gwada a Kofin Duniya na mata 'yan ƙasa da 20 a Kolombiya a 2024. Babu ɗakin da ke leƙen kowane motsi. Koci ne yake da damar ƙalubale sau biyu a wasa, idan ya yi daidai damarsa tana nan, idan ya faɗi ta tafi. Alƙali ya je allo da kansa, da kyamarori kaɗan. Amfaninsa biyu: ya fi araha, kuma koci ba zai ɓarar da damarsa a kan ɗan yatsa ba, sai abin da kowa a fili ya gani. Ni da za a tambaye ni, zan ƙara sharaɗi: gudun gaske sau biyu, sulo sau ɗaya, daƙiƙa 60, in bai gani ba hukuncin farko ya tsaya.

Sai dai Gunners, kada ka ɗauka allo zai kare alƙali. Wanda ya tsallako waya don an ci ƙungiyarsa ba rashin hujja ne ya tsallako da shi ba. Allon ma a gefen fili yake, kusa da 'yan kallo. Tsaro da biyan alƙalai haƙƙinsu a kan lokaci su ne gaba.

Baba Ɗan Fagge:
Daƙiƙa 60 ɗin nan ban yarda da ita ba. Idan gaskiya tana daƙiƙa ta 70 fa? A bar kofi ya tafi saboda agogo? Edita, kai da ke da kayan aiki, nemo mana na Rojo ka saka a nan. Gudun gaske, sau ɗaya, kowa ya faɗi hukuncinsa kafin ka saka sulon. Mu ga ko maganar Barista za ta yi aiki a kanmu.

Edita, Zoo Road:
An gama, Baba. Bayan isha'i zan saka, na Rojo da na Perisic, daga kyamarar nesa. Sulon sai gobe, kuma wanda ya riga ya yi zaɓi ba zai goge ba.

Sai Masu Gida:
Rubuta nawa tun yanzu. Ko a wane gudu ka saka, fenariti ne.